Saura Jifa Ɗaya

Litinin da Laraba da Juma'a, ƙarfe takwas na safe, Malam yakan zauna a kujera ta huɗu a ɗakin wankin ƙoda, ya miƙa wa Sista hannunsa na hagu ba tare da ya kalli allurar ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi a sakandare, ya firgita yaran da a yau wasunsu har sun yi furfura, amma allura biyu sun fi ƙarfin idonsa. Sai ya kau da kai dama, wajen kujera ta biyar da ke jikin taga, inda Tela yake.

Tela ɗan siririn dattijo ne mai yawan tsiya. Jijiyoyin hannunsa na hagu sun ƙi ba likitoci haɗin kai, don haka a dama aka yi masa hanyar allura, wato hannun almakashi. Tun daga nan ya lulluɓe kekensa da zani ya bar ɗinki, sai dai idon bai yi ritaya ba. Kowa ya shigo ɗakin sai ya auna shi da kallo. Ranar da suka fara haɗuwa ma, kafin gaisuwa ta yi nisa ya ce wa Malam, "Wanda ya ɗinka maka rigar nan yana jin haushinka ne?"

Awa huɗu ake yi a kan inji. Ta farko hira ce, ta biyu gyangyaɗi. Ta uku a fara kallon agogon bango. Ta huɗu kuwa ba ta da mutunci ko kaɗan. A cikinta ne jijiyar sha-raɓar Malam take ɗaurewa, gumi mai sanyi ya karyo masa, zuciya ta hau bugu, tunanin da bai gayyata ba ya zo ya zauna masa a ƙirji. Tsoro yake ji a wannan awar, tsoro na gaske, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Auta, 'yarsa da yake zaune a gidanta, ita ta sayo masa na'urar karanta littattafai don ya rage zaman. Abu ne shafal mai murfi kamar littafi. Fuskarsa ba ta ƙyalli irin na waya, fari da baƙi ne kawai kamar takarda, kuma sai ya yi sati biyu bai nemi caji ba. Tela ya juya shi gaba da baya ya ce, "Allo kenan." Sunan ya zauna.

Auta ta cika allon da littattafai. Malam ya karanta shafi uku ya fara hamma. A wajen taɓe-taɓe ne ya faɗa wani lungu da wasanni suke. Akwai na cike lambobi, wanda ya cinye shi kaɗai cikin kwana huɗu. Akwai na tambayoyi, irin su wane kogi ya fi tsawo, wace dabba ce ba ta kwanciya. Wannan bai yi albarka ba, don Tela ya ce duk wanda ya zauna ya rubuta tambayoyin nan ba shi da iyali, ga kuma Sista da ke jefo amsa in ta zo wucewa da tire, ta ɓata musu wasa. Na ukun ne ya kama su, wasan kwale-kwale.

Dokarsa ba wuya. Akwai fili mai gida ɗari, goma a tsaye goma a kwance. Kowa zai ɓoye kwale-kwalensa biyar, ƙarami mai gida biyu, babba mai gida huɗu, jimilla gida goma sha biyar. In ka gama ɓoyewa ka danna, fili ya koma fari, ka miƙa wa abokin wasa. Daga nan sai jifa bi da bi. Ka taɓa gida, in akwai kwale-kwale ya yi baƙi, in babu ɗigo ya fito. Wanda ya fara nutsar da duka biyar ya ci. Da yake hannun Malam na dama da hannun Tela na hagu ne ba allura, kuma su ne ke maƙwabtaka, allon yana tafiya yana dawowa tsakanin kujerun ba sai an kira kowa ba. Ƙarfe goma da rabi suke farawa. Tela ke fara ɓoyewa, Malam ya bi, Tela ya fara jifa.

Ga Tela wasa ne, ko kuma haka Malam ya ɗauka. Ga Malam kuwa shaida ce. Wata biyar da suka wuce ya ɗora butar shayi a wuta ya tafi ya yi wanka, ya sa kaya, ya fita siyan jarida, sai ƙauri ne ya taso maƙwabta. Bayan sati biyu ya tsaya gaban wata ɗaliba da ya shekara yana koya wa, sunanta ya gudu masa fit. Likita ya ce ciwon yakan taɓa tunani wani lokaci, sai a sa ido. Auta kuwa ta sa ido har da na aro. Ta ce ya rufe ajin da yake yi ranar Asabar a baranda, inda ɗalibai shida masu shirin jarrabawa suke zuwa.

"Baba, in ka koya musu kuskure fa? Jarrabawarsu ce."

"Ranar da na tabbata kaina ya fara yoyo, ni da hannuna zan kwashe bencinan," in ji shi. "Amma sai na tabbata."

Ajin nan shi ne abin da ya rage masa wanda ba na asibiti ba. Shi ya sa ya sayi ƙaramin littafi yana rubuta kowane wasa: kwanan wata, wanda ya ci, jifa nawa aka yi, gida nawa ya rage wa wanda aka cinye, da lokacin da aka tashi. Kan da ke yoyo ba ya cin wasan dabara, haka ya gaya wa kansa.

Wata Asabar da yamma, bayan ɗalibai sun watse, ya ɗauko littafin don ya nuna wa Auta. Wasa ashirin da shida, ya ci sha tara, Tela bakwai. Yana murmushi ya bi layin da yatsa, sai yatsan ya tsaya a gurbi na huɗu, na gidan da ya rage wa wanda aka cinye. Ɗaya. Ya sauka ƙasa. Ɗaya. Ɗaya. Ya juya shafi. Duk ɗaya ne, daga sama har ƙasa. Ko shi ya ci ko Tela, wanda ya faɗi saura jifa ɗaya ne ya gama.

Ya duba gurbin lokaci. Sha biyu saura biyar. Sha biyu saura uku. Sha biyu saura takwas. Babu wasan da ya ƙare kafin sha biyu saura kwata, babu kuma wanda inji ya yi ƙarar gamawa ya katse.

"Baba, me za ka nuna min?" Auta ta tambaya daga ƙofa.

"Ba komai. Na manta ne." Da ya ga yadda fuskarta ta canza sai ya yi sauri ya ce, "Wasa nake miki, ke ma dai."

Ya ɗauki biro. Ko da ƙarfinsu ɗaya ne shi da Tela, tazarar jifa ɗaya ba za ta wuce sau ɗaya cikin takwas ko goma ba. Sau ashirin da shida a jere kuwa, sifirin da zai jera bayan ɗigo ya kusa cinye faɗin shafin. Sa'a ba ta da irin wannan ladabi. Akwai hannu a ciki, kuma abin mamaki, maimakon ransa ya ɓaci, sai ya ji wani ƙaiƙayi mai daɗi a ƙwaƙwalwa wanda rabonsa da shi tun yana aji.

Ya fara da allon. Wataƙila masu wasan sun gina shi ne ya riƙa daidaita 'yan wasa don kada wani ya yi fushi ya daina. Amma wannan ba zai yiwu ba sai in kwale-kwale suna matsawa bayan an ɓoye su, shi kuwa ya san nasa ba su taɓa motsi ba. Ya soke wannan.

Litinin ya zargi tabarau. Wataƙila filin yana fitowa a gilashin idonsa lokacin da yake ɓoyewa. Ya cire su, ya manna allon a hanci ya jera kayansa.

"Malam, karatu kake ko sansanawa?" in ji Tela.

Wasan ya ƙare sha biyu saura huɗu, saura jifa ɗaya.

Laraba ya zargi Sista, don takan tsaya bayan kujerarsa tana duba inji. Ya jira ta zo auna jininsa ya yi ƙasa da murya. "Sista, tsakani da Allah, kina yi wa mutumin nan ishara?"

Ta dube shi ta saman takardarta. "Baba, mutum takwas nake da su a kan inji, biyu jininsu na sauka, ɗaya yana amai. Kwale-kwalenku ne a gabana?"

Ya ba ta haƙuri. Juma'a ya lura da ƙarfen da ake rataya ruwa, da gilashin taga, har da cokalin shayi. Babu wanda ke kallon allon ta inda zai yi amfani. Abu guda dai ya shiga idonsa. Duk sanda ya gama ɓoyewa ya miƙa, Tela yakan karɓa ya ce, "Bari in ga ko da ƙura," ya goga fuskar allon a gwiwarsa, ya karkata shi wajen taga, leɓɓansa suna motsi kaɗan. Daƙiƙa biyar, ba ta fi ba. Malam ya sha ganin haka, ya ɗauka tsaftar tela ce.

Lahadi da hantsi ya zauna a baranda da allon da kofin shayi. Ya buɗe wasan, ya ɓoye na ɗan wasa na farko, ya ɓoye na biyu, ya danna. Fili ya koma fari. Ya kalle shi kai tsaye, fari tas. Ya kawo shi kusa, ya kai shi nesa, ba komai. Ya goga a gwiwa, don dai kada a ce bai gwada ba. Har ya gaji ya ɗora shi a cinya ya miƙa hannu ɗaukar kofi, allon ya zame ya karkata, hasken rana ya kwanta a kansa ta gefe.

Ga su nan. Biyar cif. Shatinsu ne kawai, dishi-dishi, kamar alli da aka karkaɗe daga baƙin yadi bai gama fita ba. Babban yana kwance a layi na biyu, ƙaramin yana tsaye a kusurwa, daidai inda ya ajiye su.

"Kai!" Ya yi wata dariya har shayi ya zube masa a wando.

Ya shafe awa guda yana gwaji kamar wanda za a ba lambar yabo. Ashe irin wannan allon ba ya goge shafi gaba ɗaya in ya canza, don ya tanadi batir. Sabon shafi yake ɗorawa a kan tsohon, tsohon ya bar inuwa. Sai bayan an taɓa shi sau biyar ko shida yake ƙiftawa, ya yi baƙi ƙirin ya dawo fari, inuwar ta tafi. Haka kuma in aka rufe murfin aka buɗe, nan take yake ƙiftawa. Kenan tun ranar farko kwale-kwalensa a tsirara suke zuwa hannun Tela. Na Tela ma haka suke zuwa nasa hannun, shi ne dai bai da idon da ya shekara arba'in yana bin shatin alli, kuma kujerarsa ba ta jikin taga.

Dariyar ta kai shi har azahar. Daga nan ta fara tsami. Ya buɗe ɗan littafinsa ya dubi sha taran nan da ya yi niyyar kai wa Auta. Mutumin da ke ganin kayanka duka zai iya gamawa da kai cikin jifa goma sha biyar. In ya bar ka ka ci, to ba ci ka yi ba, ba ka aka yi. Ya ji kunya ta rufe shi, sai haushi ya biyo baya. Ashe tausayinsa ake ji. Ashe Tela ya ji labarin butar shayi, don shi da bakinsa ya ba shi, ya mayar da shi jikan da ake bari ya kayar da kaka a wasa. Mafi ciwo, yanzu bai san komai game da kansa ba, ya koma inda yake wata biyar da suka wuce.

Amma malami ba ya yanke hukunci da gwaji ɗaya. Litinin ya jera kwale-kwalensa biyar a kusurwa guda, jikin juna, kamar takalma a bakin ƙofa. Ko makaho ya taɓa ɗaya ya samu sauran. Ya miƙa yana kallon fuskar Tela ta wutsiyar ido.

"Bari in ga ko da ƙura."

Tela ya goga, ya karkata. Girarsa ta ɗaga ta sauka. Ya yi tari.

"Lafiya?" in ji Malam.

"Yawu ne ya sarƙe ni."

Abin da ya biyo baya, da ba don haushi ba, da Malam ya tafa. Tela ya yi ta yawo a ɗaya gefen filin, yana tsaki, yana zagin sa'arsa. Da Malam ya samu gida uku, sai ga Tela ya yi tuntuɓe da kusurwar ya samu biyu. Ya bar su ya koma tsakiya wai yana zargin akwai wani a can. In Malam ya yi sauri, Tela ya tsaya dogon tunani, idonsa na satar kallon agogon bango. In Malam ya makale, Tela ya riƙa jifa ba ɓata lokaci. Sha biyu saura shida Malam ya nutsar da na ƙarshe. Saura jifa ɗaya. Bai rubuta wannan a littafi ba.

Laraba, ƙarfe goma da rabi, Tela ya ɓoye nasa ya miƙo. Malam ya kau da kai, ya rufe murfin ya buɗe, sannan ya duba. Ya jera nasa a natse, ya danna. Ya sake rufe murfin, ya buɗe. Allon ya yi baƙi ya dawo fari. Ya miƙa.

"Bari in ga ko da..." Tela ya goga, ya karkata wajen taga. Ya ƙara karkatawa. Ya juya shi ta ɗaya gefen. Sai ya sauke shi a hankali ya dubi Malam.

"Ka share."

"Na share."

"Tun yaushe?"

"Tun Lahadi na gani. Kai fa?"

"Tun ranar farko." Tela ya sosa haɓa. "Ai shi ya sa shekaranjiya ka tara min su kamar kayan wanki. Ka wahalar da ni, Malam."

"Ba na son tausayi, Tela. Ka san abin da littafin nan yake a wurina. Yau ka yi wasa na gaskiya, in ka ci ni ka ci. Ina so in sani."

Tela ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi agogo, ya rufe. "To," ya ce, ya jefa.

Malam bai taɓa wasa kamar na ranar ba. Ya bi filin yana tsallake gida ɗaya, tunda ƙaramin kwale-kwale ma gida biyu ne, ba inda zai ɓuya a tsakani. In ya samu baƙi sai ya tsaya ya ƙirga ta wane gefe ya fi yiwuwa sauran su kwanta. Ya tuna cewa Tela ba ya son gefen fili, mutumin da ya saba barin bakin yadi, sai ya bar gefuna sai ƙarshe. Komai yana zaune a kansa daram, babu abin da ya zube. Tela kuwa jifa yake kawai ba tsari, nan ɗigo can ɗigo, kuma ba ya ɓata lokaci, tunda ba abin da zai tsaya tunani a kai.

Jifa na talatin da takwas, gida na sha biyar ya yi baƙi. Tela ko kwale-kwale biyu bai gama ba.

"Na ci!" Malam ya faɗa da ƙarfi har matar kujera ta biyu ta farka. "Talatin da takwas! Saura gida tara gare ka, tara! Sista, zo ki gani!"

Ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Bencinan baranda suna nan, ba inda za su. Ya ɗaga ido don ya rubuta lokaci. Sha ɗaya da minti goma.

Sai ya juya ga Tela don ya yi masa tsiya. Tela ya jingina kai da kujera, ido rufe. Fuskarsa ta yi toka-toka, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Hannunsa na hagu ya damƙe hannun kujera har jijiyoyi sun tashi, ƙafafunsa biyu sun miƙe sun sandare, yatsun sun lanƙwashe.

"Sista! Sista, zo, Tela!"

Ta zo ba da gudu ba. Ta kwantar da kujerar, ta taɓa injin, ta ɗaura masa abin awo. "Jinin ya ɗan sauka. Yanzu zai daidaita."

"Me ya same shi yau?"

"Yau?" Ta dubi Malam da mamaki. "Kullum haka yake in sha ɗaya ta wuce, Baba. Nasa ciwon ya fi na kowa a ɗakin nan. Yau ne dai ya kwanta masa." Ta gyara masa matashi ta wuce kujera ta bakwai.

Malam ya dubi fuskar Tela. Wata uku yana miƙa wa mutumin nan allo yana karɓa, hannu na taɓa hannu, bai taɓa ɗaga ido ya kalli fuskarsa a wannan awar ba. Idonsa na kan fili, hankalinsa na kan sha-raɓarsa da littafinsa.

"Tela."

"Ina jin ka." Bai buɗe ido ba. Maganar tana fita guntu-guntu. "Ka ci. Kanka ƙalau yake. Dama ƙalau yake. Na taɓa nuna maka inda kwale-kwalena suke? Kai kake nemo su kullum."

Malam bai yi tunanin wannan ba, shi da lissafinsa duka.

"To me ya sa? In ba tausayi ba, me ya sa?"

"Wa ya ce don kai nake yi?" Tela ya ja numfashi ta haƙora. "Cin ka minti goma ne. Sai in yi me da sauran? Amma in sa ya fito daidai, kai saura ɗaya, ni saura ɗaya, agogo ya cika... wannan aiki ne. Sai na riƙe gidanka sha biyar a ka. In riƙe inda ka kai. In riƙe agogo. In yi kuskuren da ba za ka gane ba." Ya haɗiye yawu. "In kai ya cika haka, ciwo ba ya samun wurin zama. Da ɗinki nake yi da kan. Yanzu ba ɗinki."

"Sha taran fa? Da bakwai ɗin?"

Gefen bakin Tela ya ɗan motsa. "Ranar da ka shigo da fuska kamar an aiko maka sammaci, in bar maka. Ranar da ka cika baki, in karɓe abina."

Malam ya so ya yi dariya, idonsa ne ya yi zafi. Ya ji kunyar da ta fi ta Lahadi, don waccan ta girman kai ce. Ya samu amsar da yake nema, kuma da abin da Tela ke riƙe kansa da shi ya biya. Ya dubi agogo. Sha ɗaya da sha uku. A ƙafarsa ta dama jijiya ta fara ja, tana sanar da zuwanta.

Ya buɗe sabon wasa, ya zungure hannun Tela da gefen allon.

"Ɓoye."

"Malam, bar ni."

"Ɓoye, na ce. Ni ba na zama haka."

Tela ya buɗe ido ɗaya. Ya karɓa, ya jera ya miƙo. Malam ya kau da kai ya rufe murfin ya buɗe, don shi nasa rabon ke nan, ya nemo da kansa. Sannan ya watsa nasa biyar a wurare mafi wuyar riƙewa, wannan a tsaye wancan a kwance, babu biyu a layi ɗaya. Ya danna. Fili ya koma fari. Bai taɓa murfin ba, ya miƙa a buɗe.

"Minti arba'in da biyar ya rage," ya ce. "Kuma ka sani yanzu a talatin da takwas nake gamawa, ba zan jira ka ba. In ka isa tela, fitar min da shi."

Tela ya dubi allon, ya dubi Malam. "Wannan ai ba yadi ka ba ni ba, ƙyalle ne."

"Ka ce ba za ka iya ba mana."

Tela ya ɗan ɗago daga matashin. Ya juya fuskar allon ga haske, idonsa ya ƙanƙance, ya bi fili daga sama zuwa ƙasa. Malam yana kallon kafaɗunsa da suka fara sauka. Tela ya saci kallon agogo, ya yi wani ɗan lissafi da Malam ba zai taɓa iyawa ba.

Ya ɗaga yatsa ya jefa na farko, ya kuskure, kamar yadda ya yi niyya.